Fitsarin Yaya Abarshi

Shekara tara Mainasara yana ɗaukar tumatir da albasa a mota daga garaken bakin tabkin Madarumfa zuwa kasuwar Maraɗi, bai taɓa ko buge akuya ba. Da ya ji wani kamfanin sufuri yana neman direbobin manyan motoci, sai ya kai takardunsa. Suka ce komai ya yi, saura gwajin fitsari, don ba su ɗaukar mai shaye-shaye.

Mainasara bai san wiwi ba, bai san ƙwaya ba. Amma sigari, kwali guda yake tashi da shi kullum.

Audu mai faci a tasha shi ya tayar masa da hankali. "Hayaƙi ai hayaƙi ne," in ji shi. "Injin nan bai bambance taba da wiwi. Ka nemi fitsarin mutumin kirki."

Mutumin kirki kuwa a gidansu yake: yayansa Abarshi, masunci, wanda ko goro bai ci. Da Mainasara ya ce masa fitsarin wanda bai shan taba yake nema, Abarshi ya yi ta faɗa, daga baya ya karɓi ƴar kwalbar ya zagaya bayan ɗaki.

Ran gwaji Mainasara ya ɓoye kwalbar a aljihun wando, ya shiga makewayin asibiti ya juye a kwalbar da aka ba shi, ya miƙa yana murmushi.

Bayan kwana biyu Malama Zulai, mai aikin gwajin, ta kira shi. "Malam Mainasara, tun yaushe kake shan tiramol?"

Ya rantse, ya sake rantsewa, a ƙarshe ya faɗi gaskiya duka.

Ta ajiye biro ta dube shi. "Wa ya ce maka muna neman taba? Wannan gwajin ba ruwansa da ita. Da naka ka kawo, da yanzu ka wuce." Ta rubuta cewa samfurin ba nasa ba ne, kamfani kuma ya ɗauki wani.

Mainasara ya tarar da Abarshi a bakin ruwa yana gyaran koma.

"Yaya, ashe ƙwaya kake sha?"

"Wace ƙwaya? Maganin gajiya ne, wurin mai tebur nake saye. Kana zaton da ƙarfin tuwo nake jan koma tun asuba da shekarun nan nawa?"

"To mi ya hana ka gaya mini?"

Abarshi ya ci gaba da ɗinkinsa. "Taba ka tambaye ni, ƙanena. Ni kuwa ban taɓa sa ta a baki ba."

Da safe Mainasara ya koma lodin albasa.