Saura

Tsohon ya zube turakun a kan teburin sakatariya, goma sha biyu, kowanne da jan fenti a ka da danyar ƙasa a gindi. Da safe ya tumɓuke su daga gonarsa, inda Sashen Noma da Gandun Daji na jami'a ya kafa su don dashen itatuwan gwaji.

Sakatariya ta janye takardunta, ta kira mataimakin Farfesan da ke shugabantar sashen, wani siririn malami mai tabarau. Ya shimfiɗa taswira, ya yi bayani da irin ladabin da ake yi wa wanda aka riga aka gama da shi. Babu wanda ya ƙwaci gonar kowa. Bara ɗalibansu sun zaga ƙauyuka suna tambaya, aka ce musu filin nan saura ne. Suka rubuta: abin da ya rage, ba mai shi.

"Ni suka tambaya," in ji tsohon. "Ce musu na yi saura ce, ba saura ne ba. Gonar da aka bari ta huta. Shekara uku nake ba ta. Duk benen nan ba wanda ya taɓa jin haka?"

Malamin ya gyara tabarau. Ya ce an riga an sa hannu, ranar Litinin za a kawo dashe. Sannan ya rage murya ya tuna masa cewa ɗansa leburan ban ruwa ne a lambun sashen, kuma rabin gundumar daga jami'a take ci: masu sayar da taki, masu hayar ɗakuna, masu dako. Tsohon bai buƙaci tuni ba. Surukarsa ta faɗa masa haka a bakin ƙofar gida da zai fito, tana riƙe da hannun rigarsa tana cewa Baba ka bar su. Amma shekara arba'in marigayiyar matarsa ta yi tana tsince duwatsun gonar nan, kuma taswirar ba ta nuna ko ɗaya ba.

Ya tambayi wa ke da ikon gyara rubutun. Aka ce Farfesa kaɗai. Ina yake? Ya tafi hutun nazari na shekara guda.

Tsohon ya tura ƙofar ofishin Farfesa da ke bayan sakatariya. Kujera babba, ba kowa a kai. Ya shafa teburin da yatsa, ya duba ƙurar.

"Wata nawa ke nan?"

"Bakwai, Baba," in ji ta.

Ya koma ya ɗauki turke ɗaya, ya jingina shi a bakin ƙofar, jan fentin a sama. Ya cire takalmansa, ya zauna a kujerar, ya miƙe ƙafa.

"'Yata, ɗauki biro ki rubuta. Ofishin nan saura ne."

Sannan ya juya ga malamin, ya tambaye shi ta wace taga rana ke shigowa da safe.