Hutun Uwar Zumunta

Shekara goma sha ɗaya Briskila ta yi tana Uwar Zumunta, wato shugabar ƙungiyar mata, a 'yar majami'ar da ke bayan karar shanu a Illela. Masu zuwa sujada ba su kai gida talatin ba, yawanci 'yan Zuru ne da aiki ya kawo, sai wasu da ke ƙetarowa daga Kwanni ran Lahadi. Amma ko a gida talatin ba a rasa mai ciwo, ko mai naƙuda, ko miji da matar da suka daina magana. Duk wanda abu ya samu, Briskila ake kira. Ta je ta durƙusa ta yi addu'a, daga nan ta wuce rumfarta ta tuwo kusa da inda ake lodin albasa, kafin ta sauke tukunya an sake aiko mata.

Wata Talata cikin bazara, a gidan wani makanike da 'yarsa ke zazzaɓi, ta durƙusa ta ce, "Ya Uba." Sai shiru. Mutane sun runtse ido suna jira. Ta sake buɗe baki, ta ji cikinta kamar rijiyar da aka zura wa guga ya bugi ƙasa. Sunan yarinyar ma ya ɓace mata. Uwar yarinyar ce ta ce amin don ta rufa mata asiri.

Bayan kwana uku ta kasa tashi. A asibiti aka ɗebi jini, ba a ga komai ba. Ma'aikaciyar ta ce, "Mama, gajiya ce. Ki je ki kwanta." Briskila ta ji kunya, ta gwammace a ce taifot ne. Kuma ba jikin ne ya fi ba ta tsoro ba. Tsoronta kada a ce Ubangiji ya karɓe addu'ar da ya ba ta, ba za ta ƙara dawowa ba.

Matan Zumunta suka fara zuwa dubiya kowace la'asar, su tara, su goma. Baƙo kuwa ba a barinsa tsaye. Briskila ta lallaɓa ta share tsakar gida, ta shimfiɗa tabarma, ta dama kunu.

"Uwa, ya jiki?"

"Da sauƙi. Mun gode Allah."

Mi za ta ce in ba haka ba? Tun tana yarinya ba ta taɓa jin mai ciwo ya amsa da wata magana ba. Su kuma sai su ce to tunda da sauƙi, ga maganar bikin 'yar wance, ga wane ya sake korar matarsa. In za su tashi su ce, "Uwa, rufe mana da addu'a." Sai ta yi tarin ƙarya ta nuna maƙogwaro.

Rana ta biyar Mama Damaris ta zo tana dogara sanda. Ta haura saba'in, ita ce kuma ta riƙe Zumunta kafin Briskila. Ta tsaya bakin zaure tana kallon Briskila na zagayawa da kofuna.

"Dubiya kuka zo ko shan kunu? Mai ciwo na tsaye, ku masu lafiya kun baje kamar buhunan gero! Ke Tabita, har da ƙari kika karɓa, ina kallonki. Ku tashi!"

Da suka watse, ta leƙa ta katanga ta kira maƙwabciyar Briskila, Hindatu, matar wani mai fataucin wake zuwa Nijar. Ta ce mata kada ta bar kowa ya shiga gidan nan da wata magana, ko wace iri ce, har sai mai shi ta fito da ƙafarta.

Hindatu, wadda ke kiran Briskila Maman Yunana, ta ce, "Ki bar ni da su, Iya. Duk wadda taz zo in ce Maman Yunana na kwana. Ko faston naku ne, waje za shi tsaya."

Da suka rage su biyu, Briskila ta faɗi abin da ba ta gaya wa kowa ba. "Mama, addu'a ta ƙafe mini."

"To ki bar ta. Wanda ya yi ki bai san kin gaji ba ne? Kwanta gabansa ki yi shiru, shi ma ya samu ya yi magana. Masu ciwo ni zan bi su."

"Da wannan ƙafar?"

"Ƙafar nan ta girme ki, ɗiyata, kada ki raina ta."

Mako biyu Briskila ba ta yi komai ba sai barci. Hindatu ta miƙo fura ta katanga, wata rana ɗanwake. Da safe Briskila takan zauna gindin darbejiya ta buɗe hannu bisa gwiwa, ba ta cewa komai, hawaye na zuba. A mako na huɗu ta ji bakinta ya ce, "Ga ni." Iyakarta ke nan, amma ta daɗe tana juya maganar kamar wadda ta tsinci ɗan kunnen da ya ɓata.

Kullum da hantsi Mama Damaris kan kira ta a waya, ta tambaye ta ko ta ci abinci. Ta ba ta labarin yadda ta hau kabu-kabu zuwa Amarawa da tsakar rana wurin matar wani malamin makaranta, ɗan kabu-kabun na cewa ta riƙe shi, ita tana cewa ya bari mijinta ya ji daga kabari. Tsakanin dariyar akwai wani fito da numfashinta ke yi. Briskila ta ji shi sarai.

"Mama, ya naki jikin?"

"Da sauƙi."

Briskila ta san abin da ke ƙarƙashin wannan amsa, ita ma da ita ta sallami mata goma. Amma in ta ƙara tambaya ɗaya, tilas ta ɗaura zane ta koma aiki, jikinta kuwa bai gama shan hutun ba. Ta ce, "To, mun gode Allah," ta aje waya.

A mako na bakwai wayar ta yi kwana uku ba ta yi ƙara ba. Briskila ta ce wa ranta caji ne, wuta ba ta zama. Ran Juma'a ta tashi da ƙarfinta, ta yi wa yarinyar makaniken nan addu'a tun daga farko har amin. Murna ta sa ta tuƙa tuwo, ta kaɗa miyar kuka irin wadda tsohuwar ke so, ta ɗaure kwano a tsumma za ta kai mata albishir.

A zaure ta tarar da Hindatu tsaye, idonta ja.

"Maman Yunana, aje kwanon ga ki zamna."

"Mi ya faru?"

"Shekaranjiya matanku sunka zo, sunka ce Iya ta faɗi bisa hanyar Tozai. Na maishe su. Jiya ma na maishe su. Ita tac ce min ko wace iri ce." Ta goge ido da bakin zane. "Yanzu Tabita taz zo. Da asuba Iya ta cika. Wallahi ban san haka abin ya kai ba."

Briskila ba ta yi kuka a nan ba. Ta kama hannun Hindatu ta matse, ta fita ko takalmi ba ta sauya ba.

Ɗakin Mama Damaris cike yake da mata. An kawo ruwa da sabulu da farin yadi, amma ba wadda ta taɓa gawar, domin a wurinsu ba a wanka sai Uwar Zumunta ta yi addu'a. Suka buɗe mata hanya. Tsohuwar ta ƙanƙance, tafin ƙafarta duk faso.

Briskila ta durƙusa. Wannan karon maganar ta zo, ba ta ma neme ta ba.

"Ya Uba, na ji numfashinta a waya. Na ji, ban tambaya ba, don ina son in ƙara kwanciya. Kai ka sani, ga su su ma su sani. Ka mayar mini da addu'a, ban san da abin da za a saye ta ke nan ba. Ban iya ce maka na gode yau. Ka karɓi baiwarka, ka ba ta wurin zama, ta sha tafiya."

Ba wadda ta ce amin. Can Tabita ta ce cikin kuka, "Ni na tsayar mata da ɗan kabu-kabun. Ina gani tana haki." Wata ta ce ita ta aika a kira ta da rana tsaka, kan ciwon kai kawai. Haka suka yi ta faɗi, ido a rufe, ba wadda ta katse wata. Da suka yi shiru Briskila ta rufe cikin sunan Yesu.

Aka miƙo mata soso. Ta dube shi, ta miƙa wa Tabita, ta nuna wa wata ƙwaryar ruwan. Ita kuwa ta koma ta zauna a ƙasa, ta ɗora kan Mama Damaris bisa cinyarta, ta tare mata fuska da tafin hannu kada sabulu ya shiga ido.