Irin Maɗaci

Kabo yana wankin motoci a unguwar Hindawiyya ta Makka, ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama, tun da ya zo Hajji bai koma ba. Wata rana ƙaninsa Mukhtaru ya kira shi daga gida.

"Yaya, maɗatan da muka dasa a kurminmu duk sun bushe. Malamin daji ya ce daga uwa ɗaya muka ɗebo irin, shi ya sa ciwo ɗaya ya kwashe su. Yana son iri daga bishiyoyi daban-daban, kuma kai ka san inda tsofaffin suke."

Kabo ya san su, domin tare da mahaifinsu ya yi yawon sassaƙen magani. Amma in ya bar Makka ba dawowa, ga mata da 'ya'ya a nan. Sai ya yi masa kwatance ta waya: bayan rafi, gindin dutse, yamma da tsohuwar maƙabarta.

Da Mukhtaru ya sake kira, muryarsa a bushe take. Duk inda suka je shi da malamin daji, kututture suka tarar, masu gawayi sun riga su.

"Da kana nan, Yaya, da mun tsinci ko ƙwaya goma."

Da damina ta sauka aka cika kurmin da darbejiya, kuma Mukhtaru bai ƙara kiran Kabo ba.