Faɗin Ƙofar Baba Mounkaïla

"Wata mai zuwa kuma?" in ji Baba Mounkaïla, yana ƙoƙarin tashi zaune a kan tabarma. "Fadel, wannan watan naku ba ya tsayawa ne?"

Fadel, sakataren ƙungiyar unguwarmu, ya sunkuyar da kai. "Baba, dosiyen takardunmu ya wuce. Sa hannu ɗaya ya rage a biro, wato ofishinsu."

"Bara ma hannu ɗaya ne ya rage. Mai hannun karyewa ya yi?"

Ina tsugune a bakin ɗaki da kwanon wainar da na kawo masa. Na danne dariya, amma raina a ɓace yake. Katanga ɗaya ce ta raba gidana da nasa a nan Zongo, kuma na san abin da jiran nan yake yi wa tsohon.

Shekarar da aka yi ta cacar baki kan iyaka, wasu samari suka shigo lungunmu a kan babura ana sallar la'asar. Suka farfasa tagogin ƙaramin masallacin da ke bakin titi, suka rubuta a bango da Faransanci wai mu koma ƙasarmu. Baba Mounkaïla ya fito zai yi musu magana, ɗaya ya bi ta kansa da babur ya jefa shi cikin kwata. Mutumin da aka binne cibiyarsa a Kwatano, aka binne ubansa a Kwatano. Ƙugunsa ya ɗan warke, zuciyarsa ce ta ƙi. Tun ranar bai sake taka bakin lungu ba. Ya rantse ba zai koma sahu ba sai an sa wa bakin lungun ƙofar ƙarfe, shi da yake riga ladan zuwa masallaci.

Sai Fadel ya ji labarin wata ƙungiya da ke ba unguwanni tallafi don kare kansu daga irin wannan ƙiyayya. Muka nema. Suka zo suka ɗauki hoton bango, suka ɗauki hoton ƙugun tsohon, suka ci wainata, suka ce sun ji tausayi ƙwarai. Bayan nan suka ce hoton ya tsufa. Bayan nan suka ce a kira taro a koya mana zaman lafiya, mu da aka jefa. Na zauna a taron nan ina tafasa, kullun waina yana tsami a gida.

Da kason farko na kuɗin ya fito, tsohon ya riga ya kwanta. Amma ya sa aka kira masa mai walda har ɗaki.

"Ka je ka tare zemijan," ya ce masa, yana nufin ɗan acaɓar garinmu. "Ka auna faɗin ƙahon babur ɗinsa, inda yake riƙewa, ka rage taƙi guda. Shi ne faɗin ƙofata. Gefe da gefe ka toshe da ƙarfe, sama ka sa tsini."

"Baba, ba ta yi ƙunci ba?"

"Mutum zai wuce, babur ba zai wuce ba. Me kuma kake so ya wuce?"

Kowa ya ce dabara ta yi. Ranar Laraba aka kafa ta. Tsohon ya ce wa matarsa, Inna Latifatou, ta je ta buɗe ta rufe ya ji ƙararta daga kwance. Ta yi ta yi har hannunta ya gaji.

"Labiba," ya ce mini, "ki faɗa wa liman ya bar mini gurbina. Juma'a da ƙafata zan ratsa ta."

Juma'a da hantsi ya cika.

Aka yi masa wanka, aka yi masa sutura. Makarar tana ajiye a wani kango cikin lungu tun fil azal, aka ɗauko ta aka sa shi. Maza suka saɓa, suna salati, mu mata muna tsaye a ƙofofin gida. Sai muka ga tafiyar ta tsaya cak a bakin sabuwar ƙofar. Suka gwada ta kai, suka ja baya. Makara ta fi ƙahon babur faɗi.

Wani ya ce a karkata ta. Liman ya ce ba a karkata mamaci kamar kwandon tumatir. Wani ya ce a kira mai walda ya yanke ƙarfen gefe.

Fadel ya tare gaba, gumi na zuba. "Don Allah ku saurara. Gobe 'yan kwantirol za su zo duba aiki. In suka tarar an taɓa ta, kason kuɗin fitilu da kamara da ya rage ya tafi, kuma ba za su sake kallon Zongo ba."

Ban san lokacin da na baro ƙofar gidana ba. "Shekara da shekaru muna jiransu, yau gawa ma sai ta jira su? Ka ce su zo su sa hannu ya wuce."

"Anti Labiba, ni ma uba ne a gare ni."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa na ƙara jin haushi. Rana tana ta yi, jama'a sun cika titi ta waje suna jiran salla, tsoho yana kan kafaɗu a cikin lungun da ya tsare shi da rai.

Inna Latifatou ce ta fito. Ba ta ɗaga murya ba. "Malam," ta ce wa liman, "kada a taɓa masa ƙofarsa. Ya sha wuyarta. Ku haurar da shi ta sama."

Aka kawo tabarmi aka rufe tsinin. Aka kawo bencina, samari suka hau ciki da waje. A hankali makarar ta tashi, hannu yana miƙa wa hannu, mayafin kanta yana kaɗawa, har ta sauka a wancan gefen. Sannan maza suka bi ta ƙofar ɗaya bayan ɗaya, a kaikaice, kowa yana dafa ƙarafanta.

Ashe da sassafe Fadel ya sa an shafa wa ƙofar fenti saboda baƙin gobe, bai bushe ba. Ta tsakanin ƙarafan na hango su sun yi sahu a bakin titi, liman ya yi kabbara, hannuwa suka tashi tare, kowane da koren fenti a tafinsa.