Gashin Bakin Mai Aski da Waƙar Laima

Ranar Laraba ce, gari ya waye da yayyafi, irin mai nacin nan da ba ya cika bokiti amma yana jiƙa mutum har cikin singileti. A shagon Mai Aski mutum biyu ne kawai ban da shi. Akwai Tela, maƙwabcinsa, zaune a kujerar aski an ɗaure masa ƙyalle a wuya. Akwai kuma Bakanike, abokinsa tun na samartaka, wanda ya shigo ya fake wa ruwa, ya kuma fake wa aiki.

In ana yi wa baƙo kwatancen shagon, ba a cewa kusa da kantin magani, sai a ce wurin mai gashin bakin nan. Gashin baki ne na gaske, mai kauri, ya sauko ta gefen baki kamar ƙahon keke. Tun yana saurayi ya tara shi, don ya yi kama da jagoran Samarin Lantarki, 'yan kiɗan da suka hana matasa barci a zamaninsu. Samarin sun watse, jagoran ma an daina jin ɗuriyarsa, amma gashin baki yana nan. Har buroshinsa daban gare shi a aljihun rigar aiki.

Mai Aski ya kwashe rabin kan Tela ke nan, sai rediyon da ke kan kanta ya shiga shirin tsofaffin waƙoƙi. Jita ta fara kuka a hankali. Bakanike ya lumshe ido, ya dafe ƙirji.

"Allah sarki! Kar Ki Tafi da Laimata. Duniya ina za ki da mu?"

"Kai dai ba ka da kunne tun asali," in ji Mai Aski. "Ƙato da gemunsa yana rusa kuka a kan laima. Ba yarinyar yake so ba, laimarsa yake so. Ni wannan waƙar ko da wasa ba ta taɓa fitowa daga bakina ba."

"Faɗi son ranka. Ita ce ta ɗaya a jerin waƙoƙin rediyo makon da silin gidan rawa ya rufto mana a ka."

Mai Aski ya kashe injin aski. Ya juyo gaba ɗaya.

"Sake faɗa in ji?"

"Ita ce ta ɗaya."

"Jirgin Ƙarfe Biyar ce ta ɗaya! Ta Samarin Lantarki! Ita ma ake kaɗawa silin ya sauko, don ƙafafu sun girgiza ginin. Wa zai buga ƙafa a kan waƙar laima? Waƙar da ake rawarta kamar ana lallashin jariri?"

"Jama'a," in ji Tela, yana kallon kansa a madubi, "kaina fa."

Ba wanda ya kula shi. A wancan zamanin, kowace Asabar da rana gidan rediyo yakan jero waƙoƙi goma da suka fi tashe, a faro daga ta goma a gangaro har ta ɗaya. Mai Aski kuwa ba ya wuce shirin. Yakan zauna gaban rediyon wansa da kaset a ciki, yatsa a kan maɓalli, yana naɗa. Abin alfaharinsa shi ne ba ya barin muryar mai gabatarwa ta shiga. Da mutumin ya ja numfashi zai yi magana, ƙas, ya datse. Samari har layi suke yi aron kaset ɗinsa.

"Kaset ɗin makon yana gida," in ji shi. "Kaset kuwa ba ya ƙarya."

"Ɗauko. In Jirgi ce, ka aske mini wannan."

Bakanike ya cire hula. Sanƙo gare shi mai sheƙi, sai wasu 'yan silalan gashi dogaye da yake ɗaukowa daga kunnen hagu ya kwantar har kunnen dama, ya danne da mai. Ya fi ji da su a kan akwatin sifanunsa.

"In kuma Laima ce," ya ci gaba, "wannan tsintsiyar ta ƙarƙashin hancinka ta tafi."

Hannun Mai Aski ya kai ga gashin bakinsa da kansa. Amma ido ya riga ya ga ido.

"Na yarda. Tela, kai ne shaida. Daga goma ake saukowa. Duk waƙar da ta zo ƙarshe a kaset ɗin nan, ita ce ta ɗaya, magana ta ƙare."

"Na ji," in ji Tela. "Akwai tsohon rediyo mai kaset a shagona, ƙarƙashin ragowar yadi. Amma don girman Allah a gama mini askin tukuna."

Kafin ya rufe baki Mai Aski ya kai bakin titi.

Ya isa gida a jiƙe, ya tarar da matarsa tana guga a falo. Ko sallamar kirki bai yi ba, ya ja kujera ya hau, ya sauko da kwalin takalmi daga saman kwaba. Ƙura ta tashi, ya yi atishawa har kujerar ta yi rawa. Bai sha wahalar nema ba. Kaset ɗin ya tsage a kusurwa, don a aljihunsa yake daren da silin ya rufto.

Matar ta ajiye dutsen guga, ta leƙo.

"Wannan mai ɗigon jan farcen? Ina za ka da shi?"

"Shago. Yau zan kunyata Bakanike a gaban shaida."

"A gaban mutane za ka sa shi?" Ta rufe baki da hannu. "Baban yara, mayar da shi inda ka gan shi."

"Maganar maza ce, ba za ki gane ba."

"To. Wanda bai ji bari ba dai ya ji hoho."

Ya cusa kaset cikin riga ya fita, ya bar laimarsa a jingine a bayan ƙofa.

A shago, Tela ya riga ya kawo rediyon, ya yafa ƙyallen aski a ka kamar mai zazzaɓi don kada 'yan layi su ga rabin kansa. Ya karɓi kaset ɗin, ya juya shi, ya kai shi kusa da ido.

"Maƙwabci, wa ya toshe wannan ramin da takarda?"

Duk wanda ya yi zamanin kaset ya san wannan. In ka gama naɗa, sai ka ɓalle ɗan haƙorin da ke samansa, ya bar rami, ba mai iya naɗa wani abu a kai. In ka ga an toshe ramin, to wani ya koma ya yi naɗi a kan na da. Mai Aski ya fi kowa sanin haka, amma idonsa yana kan sanƙon Bakanike.

"Kai tela ne ko ɗan sanda? Saka mana."

Tela ya hure ƙura, ya zura biro a ramin kaset ya ɗan murza don zaren ya miƙe, ya saka, ya danna.

Ta goma ta fito da shuuu a bayanta kamar ana soya wani abu. Waƙar nan ce mai fito da baki, wadda ta sa duk yaran gari suka koyi fito har iyaye suka gaji da duka. Ta tara ta wani ne da ke roƙon ma'aikaciyar waya ta haɗa shi da masoyiyarsa. Ta takwas har yau ba wanda ya san abin da ake cewa a cikinta, amma su ukun suka rera ta, kowa da nasa kalmomin. Kafin ta shida an ture benci gefe. Bakanike ya gwada juyin nan na da, wanda ake sauka ƙasa a taso, ya sauka lafiya, tasowar ce ta gagara, sai da aka kama shi. Silalan gashinsa suka kwance suka zubo ta kunne ɗaya kamar jelar ɓera.

"Kun ji aiki?" Mai Aski yana haki yana nuna rediyo a duk tsakanin waƙa da waƙa. "Ko tarin mai gabatarwa kun ji? Hannu ke nan!"

Aka juya kaset. Ta huɗu ta wuce, ta uku ta wuce. Ba Jirgi, ba Laima. Ke nan su biyun ne suka rage, ɗaya ta biyu, ɗaya ta ɗaya. Mai Aski ya ɗauko almakashi yana ƙyas-ƙyas da shi kusa da kunnen abokinsa.

Sai aka ji ƙas. Sai ƙarar jan kujera. Sai wani ya yi gyaran murya, da siririyar murya mai rawa.

"Gwaji, gwaji. Wannan saƙo ne zuwa ga 'yar gidan mai kantin littattafai. In ƙanenki ne ya kunna, ya kashe."

Almakashi ya tsaya cak a hannun Mai Aski. Muryar ta ja numfashi, ta yi kiɗan jita da baki, tin-tirin-tin, sannan ta kwarara:

"Kar ki tafi da laimata, sama ta haɗa, zuciyata ba ta da rufi..."

Nan take komai ya dawo masa. Yarinyar, wadda ita ce matarsa a yau, ta ce masa ba waƙar da take so kamar ta Laima. Shi kuwa ba shi da sabon kaset. Ya ɗauki wannan, ya toshe ramin da takarda, ya ce a ransa, ta biyu da ta ɗaya ai ko a mafarki ba zan manta su ba. Ya kulle ɗakin wansa ya rera.

Ya yi tsalle zai kashe rediyon. Bakanike, wanda ɗazu gwiwa ta hana shi tasowa, ya cafke shi ta baya kamar ya kama tayar mota tana gangara.

"Tsaya, mutumina, tsaya! Ai ko da wasa ba ta taɓa fitowa daga bakinka ba!"

Tela ya rungume rediyo ya koma lungu, ƙyallen ya zame, rabin kai ya bayyana, hawayen dariya na bin kumatunsa. Muryar cikin kaset ta hau sama neman inda mawaƙin yakan kai, ta kasa, ta karye kamar ta ɗan zakara. Can baya aka ji ana dukan ƙofa, wani yana cewa, "Wa ke yanka akuya a ɗakina?"

Daga bakin ƙofar shago wata murya ta ɗauki baitin, daidai inda tasa ta karye, ta ƙarasa shi lafiya lau. Matarsa ce, tsaye da laimar da ya manta.

"Na kawo maka, kar ka ce na tafi da ita," in ji ta. "Sannunku da aiki. Tela, ƙara mana sauti, yanzu zai zo wurin da yake kuka."

Ba a kai wurin kukan ba. Muryar ta fara jan jiki, ta yi kauri kamar ta bijimi, ta yi gurnani, ta mutu. Tela ya buɗe murfin, zare ya biyo kaset ɗin a cukurkuɗe kamar hanjin kaza. Mai Aski da kansa ya durƙusa da biro yana murzawa a hankali, harshe a waje. Zaren ya tsinke. Ya ƙara ƙarfi, biron ma ya karye.

Matar ta karɓi guntun zaren ta naɗe a yatsa. Dariyarta ta ɗan ja baya.

"Duk sanda ka ɓata mini rai, shi nake ɗauka in kai gidan yayata mu saurara," in ji ta. "Shi ya sa ka ga ba na daɗewa ina fushi."

"Yayarki ma ta ji?"

"Har da mijinta. Ba komai, tunda mawaƙin yana da rai. Sai ka riƙa yi mini da baki."

Mai Aski ya miƙe, ya gyara riga.

"To ai kun gani, ba a ji ta biyu ba, ba a ji ta ɗaya ba. Ba wanda ya ci."

"A'a, maƙwabci," in ji Tela. "Ni ka sa shaida, kuma ka bar ni da rabin kai tun safe, don haka ba ni da dalilin tausaya maka. Cewa ka yi duk waƙar da ta zo ƙarshe a kaset ɗin. Wace ce ta zo ƙarshe?"

"Wannan ai ni ne!"

"Ba ka ce sai wane ne zai rera ba."

Bakanike ya ɗauko injin aski yana duba shi kamar zai kwance kafireton mota. Mai Aski ya fizge abinsa.

"Ajiye, kar ka cire mini hanci. Ni zan yi."

"Ashe da gaske ne wanzami ba ya son jarfa," in ji matar, ta zauna a benci ta ɗora laima a cinya.

Ya tsaya gaban madubi. Ya ciro buroshin ya taje gashin bakin sau na ƙarshe, dama da hagu. Ya shafa kumfa, ya ɗauki reza. Ya kwashe shi tas. Da ya wanke fuska ya juyo, sai ga wani fari fat a ƙarƙashin hancinsa, wurin da rana ba ta taɓa gani ba, da ɗan ƙaramin leɓe kamar na ɗan makaranta.

Matar ta taso ta zo kusa, ta karkata kai, ta daɗe tana kallo.

"Ashe haka bakinka yake? 'Ya'ya har da jikoki, ban taɓa gani ba. Shi ya sa autarmu ta fito haka, ina ta zargin dangina."

Bakanike ya kwashe silalan gashinsa ya mayar da su mazauninsu, ya danne da tafin hannu, ya sa hula. Ruwa ya tsagaita. Sai da ya kai bakin ƙofa, ƙafa ɗaya a waje, ya waiwayo.

"Ka san wani abu, mutumina? Da na ji ta ukun nan, sai nake ga kamar Jirgin ce ta ɗaya."

Buroshin gashin baki ya bi shi, ya wuce ta saman hularsa ya faɗa kwata. Mai Aski ya kunna inji zai ƙarasa kan Tela, aka ɗauke wuta.

Abin da aka rasa ranar: gashin baki ɗaya, buroshinsa ɗaya, kaset ɗaya, biro ɗaya, waƙa biyu da har yau ba a san wadda ke gaba ba, da rabin gashin kan Tela.