Sandar Gari Ta Bar Hannuna

...kuma hannuna sai lalubenta yake yi, Eulogia. Sandar shugabancin gari. Ɗazu na miƙa ta a gaban kowa — kowan ma mu nawa ne? — amma yatsuna ba su samu labari ba.

Kin san al'ada: gida-gida take zagawa, shekara guda, miji da mata tare. To ina gidajen? An toshe ƙofofi da duwatsu, masu su suna birnin El Alto suna sayar da takalma. Ta zaga ta dawo kaina, ta sake dawowa... ni kaɗai, tun da muka kai ki makwanci. Rabin shugaba.

Mutumin gwamnati — mai hular nan, sunansa ya kwanta mini — ya ce garin da ya rasa mai karɓar sanda za a haɗe shi da na cikin kwari, makiyayar dabbobinmu na lama da maɓuɓɓuga duk su koma hannunsu. A hankali ya faɗa, har dankalinmu ya ci. Ya leƙa ajin da na koyar... tattabaru ne ɗaliban yanzu. In na mutu da sandar a hannu, shi ke nan.

Sai ga Nélida. 'Yar Severo maƙwabcinmu — ko jikarsa? Wadda ba ta iya zama a benci a ajina. Ta sauko daga mota da miji da yara da katifa. Katifa, Eulogia! Mai ziyara ba ya ɗauko katifa.

"Kawo sandar nan, Baba, kafin ka manta ka hura wuta da ita," in ji ta.

Marar kunya. Na yi dariya har na ƙware da ganyen koka da nake taunawa.

Hayaƙi a rufin Severo. Ga shi can ina kallo. Wani jariri yana tsala kuka — daɗinsa! Yaushe rabon...

Kafaɗata sakayau.

Gobe kuma zagayen iyaka. Tsohon mai sanda a gaba, sabo a baya, kowane dutsen iyaka a kira sunansa, a zuba masa giya, ya san sabon hannu. Dutsen Kwaɗo, na sani. Sai Tsohuwa Mai Tsugune. Sai... bayan maɓuɓɓuga, wanda kike hutawa a kansa...

Ke kike raɗa mini sunayen. Ashe duk shekarun nan ke ce.

A'a, sunan zai zo. Bari in ɗan zauna tukuna. Ƙafa ta fi kai riƙo, in ji... wa ma ya faɗa?