Garwashi a Gindin Randa

Shekara arba'in da ɗaya matata Casilda ta yi tana dafa chicha, giyar masararmu, a gidan nan, kuma sau ɗaya tak na taɓa sa hannu a aikinta.

A shekarar ni aka ɗora wa bikin waliyyin ƙauye, ci da shan jama'a duk a wuyana. Hannuwan Casilda sun kumbura da sanyin ƙashi, sai ta miƙa dahuwar ga Noemí, matar ɗanmu, wadda ta tashi a birnin Cochabamba. Ta ba ta har da iri, wato abin da ke kwantawa a gindin tsohuwar randa, wanda ake zubawa a sabuwa don ta tashi. Casilda ta gaje shi daga uwarta. Wadda aka ba wa iri, ita ce mai randunan gida nan gaba.

Ni ban so haka ba. Yarinyar tana shafa jan farce, kuma na sha faɗa mata a gaban baƙi cewa hannun da ke ado ba ya aiki. Ba ta taɓa mayar mini da magana ba.

Sanyi ya yi yawa a watan. Saura kwana biyar biki, na leƙa ɗakin randuna na ga kumfa ba ta ko rufe fuskar giyar ba. Casilda ta ce in bar su, giya ba ta son gaggawa. Ranar kasuwa, da matan suka fita, na ɗebo garwashi a kasko uku, na jera a gindin randunan, na lulluɓe su da bargunan ulu, na ja ƙofa. Kafin la'asar suna tafarfasa kamar tukunyar miya. Na kwashe kaskona na share wurin. Washegari da suka tafi wanki rafi na sake. Har daɗi nake ji, wai na fi mata sanin aikinsu.

Ana jibi biki Casilda ta buɗe randa ta farko, ta zuba wa ƙasa rabonta, ta kai ƙoƙo baki. Ba ta haɗiye ba. Warin ya cika ɗakin, irin na ruwan da masu fenti ke wanke burushi. Na kurɓa, ya ƙone mini maƙogwaro har hanci.

Ta aika aka kira Petrona, uwar baftismar ɗanmu, wadda ta fi kowa hanci a ƙauyen. Suka zaunar da Noemí suna yi mata tambaya. Ko ta wanke randa da sabulu? Ba ta wanke ba. Suka shinshina durom ɗin ruwa ko an taɓa zuba fenti a ciki, babu komai. Suka duba tsiron masara ko ya yi fumfuna, lafiya lau. Mazarƙwaila ma gwargwadon kullum aka sa. Petrona ta ce ba tsami ba ne, da tsami ne da ta ce iska ta shiga. Sai ta kama hannun yarinyar ta juya shi.

"To ga shi nan. Kin yi wa randa kwalliya ke nan, 'yar birni? Warin ruwan goge farcenki ne wannan."

Noemí ta rantse kwalbar ba ta taɓa shiga ɗakin ba. Casilda ta juyo ta ce, "Tsoho, ka sha faɗa, ban ji ba."

Ina tsaye a bakin ƙofa. Na gyaɗa kai. Gyaɗa kan nan ya fi damuna fiye da garwashin har yau.

Casilda ta yanke hukunci. Za a zubar da randunan uku, a sayo chichar biki a maƙwabta, iri kuma a ba 'yar Petrona bayan biki. Noemí ba za ta ƙara taka ɗakin ba.

Da hantsi washegari ina gyaran rumfa, Noemí ta zo da ƙoƙo biyu. Farcenta duk ta yanke har nama. Ta ce in ɗanɗana. Na farko shi ne mai warin. Na biyu mai daɗi ne, sai dai bai gama nuna ba. Ta ce ranar dahuwa randuna sun cika, sai ta zuba ragowar a ƙaramin tulu ta ajiye a zaure, inda ya fi sanyi. Masara ɗaya, iri ɗaya, hannu ɗaya.

"Ɗakin ne ya yi zafi, Baba Eulogio. Na ga toka a bayan randa ta tsakiya, bargonku ma ya ƙone a gefe."

Na buɗe baki in yi mata tsawa, yadda na saba, sai ta riga ni.

"Ba zan faɗa wa Mama ba," in ji ta. "Ina dai so ku san na sani."

Ta ɗauki ƙoƙunanta ta tafi.

Na kai har safiyar biki ina jan ƙafa. Sai da na ga Casilda tana ɗaure bakin tulun iri da ƙyalle, sannan na ɗauko bargon na shimfiɗa shi gabanta, a gaban Petrona, na faɗi abin da na yi, kwana biyun duka. Petrona ta ce wanda ya hura wa giya wuta ai dole ta yi warin nan, da an faɗa mata da tuni ta gane. Casilda ba ta yi mini faɗa ba. Ta kwance ƙyallen, ta kira Noemí, ta sa mata tulun a hannu. Ni kuwa sai da ta yi wata guda ba ta kira ni tsoho ba, sai Don Eulogio, kamar baƙo.

Amma Petrona ta riga ta baza labarin farce a ƙauye tun ranar farko. A wurin biki na miƙe na faɗi gaskiya da bakina. Mutane suka yi dariya, suka ce dattijon kirki ne, yana rufa wa surukarsa asiri. Shekara shida ke nan. Noemí ce ke dahuwa yanzu, kuma ta fi Casilda hannu. Duk da haka, in ta kafa farin ƙyalle a ƙofa, alamar giya ta nuna, ba a rasa mai leƙowa ya tambaya ko yau da jan farce a ciki. Nakan tashi in ba shi labarin garwashi daga farko. Yakan ce ya ji, ya karɓi ƙoƙonsa, ya shinshina kafin ya sha.